Juno-106, DX7 ko manhaja: wanne za ka saya in kana neman sautin su Depeche Mode da a-ha?

Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙungiyoyin Turai da suka yi tashe da kiɗan sintasaiza, wato fiyanon lantarki mai ƙirƙirar sauti, a shekarun 1980 har yanzu ba su ajiye kayan kiɗa ba. Depeche Mode, da aka kafa a garin Basildon na Ingila a 1980, sun fitar da kundin Memento Mori a 2023 bayan rasuwar Andy Fletcher, suka zagaya duniya suna cika filayen ƙwallo. Pet Shop Boys sun fitar da nasu sabon a 2024. Amma babbar shaidar tana wajen 'yan baya. Waƙar Blinding Lights ta The Weeknd, ta 2019, wadda mujallar Billboard ta ɗora a saman jerin manyan waƙoƙin Hot 100 na tarihi a 2021, da tubalin wancan zamani aka gina ta. Haka kundin Future Nostalgia na Dua Lipa a 2020. Shi ya sa tsofaffin fiyanon da aka taɓa yasarwa a kwance suka koma kayan masu hannu da shuni, shi ya sa kuma 'yan damfara suka cika kasuwarsu.

In kai mai haɗa kiɗa ne a situdiyo, ka gaji da sautukan Yamaha PSR da kowa ke bugawa, kana son wannan sauti mai faɗi da ɗumi, zaɓinka ba shi da yawa. A cikinsu Roland Juno-106 ne gwani.

An fito da shi a 1984. Madannai 61, muryoyi 6, wato sauti shida yake iya fitarwa lokaci guda, da wurin ajiye sauti 128. Abin da ya fifita shi shi ne komai a fili yake: kowane sashe da silaidarsa a gaban idonka, babu shiga menu, babu laluben lamba. Kowace murya tana da mahaifar sauti ɗaya wadda agogon dijital ke riƙe wa saiti, don haka ba ya karkacewa idan ɗaki ya ɗau zafi kamar yadda tsofaffin sintasaiza da yawa ke yi. Akwai ƙaramar mahaifa da ke ƙara ƙasa da zango ɗaya, ita ce sirrin bes ɗinsa mai nauyi. Akwai matacin sauti mai laushi wanda da wuya ka murɗa shi ya ba ka abu mara daɗi. Sannan maɓallan Chorus guda biyu, I da II. Waɗannan su ne rabin kuɗin da kake biya. Sauti siriri ne ke shiga, ya fito ya cika ɗaki hagu da dama, da sharaɗin ka jona wayoyi biyu a baya. Wanda ya jona ɗaya ya zubar da abin da ya saya.

Ga kuma MIDI, hanyar da kayan kiɗa ke aika wa juna umarni, wadda yayansa Juno-60 na 1982 ba shi da ita. Da ita za ka haɗa shi da kwamfuta kai tsaye, har motsin silaidu yana iya aikawa in ka tura makunnin da ke baya zuwa lamba III. Juno-60 ne ya yi suna a waƙar Take On Me ta ƙungiyar a-ha ta Norway, kuma masu kunne suna cewa ya ɗan fi naushi, amma tsadarsa ta yi gaba, sannan sai ka ƙara kuɗin na'urar da za ta fassara masa MIDI. Ga mai aiki kullum, 106 ya fi. In ka ci karo da Roland HS-60 ko Juno-106S, kada ka raina su don ganin lasifika a jikinsu kamar kayan yara. Cikinsu ɗaya ne da 106, sau da yawa kuma a gida suka yi zamansu, ba su sha wahalar yawon wasa ba.

Yamaha DX7 na 1983 shi ne abokin hamayya na gaske. Muryoyi 16, yana jin ƙarfin bugun yatsa, abin da Juno ba ya yi, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba don an ƙera shi da yawa. Sautin fiyano mai ƙararrawa da bes mai tsini na waƙoƙin soyayyar shekarun 1980 nasa ne. Sai dai ƙirƙirar sauti a kansa azaba ce: ƙaramin allo, maɓallan leda da ke tsagewa, da tsarin lissafi 32 da sai ka zauna ka yi karatunsu. Tunda kuma lissafi ne zalla, manhajar Dexed ta kyauta tana karanta fayilolin sautinsa ta fitar da kusan abu ɗaya. Ɗaukar ƙarfe mai kilo 14 don abin da kwamfuta ke yi a kyauta ba dabara ba ce, sai in madannansa kake so, waɗanda dai suna da daɗin taɓawa.

Jupiter-8 na su Nick Rhodes na Duran Duran kuɗin mota ne, a bar wa masu tara kayan tarihi. Korg Polysix kuwa kyan ɗan maciji: batirinsa na asali yana yoyo ya cinye allon da ke ƙarƙashinsa. Roland JU-06A na 2019 yana kwaikwayon Juno-60 da 106 da kyau, amma muryoyinsa 4 ne, silaidunsa kuma ƙanana. Behringer DeepMind 12 sabo ne mai muryoyi 12, ba laifi, sai dai ba shi da wancan Chorus na asali. Wanda aljihunsa bai kai ba ya sayi manhajar TAL-U-NO-LX da kuɗinsa na halal. A cikin waƙa da ganga da murya, kaɗan ne za su bambance.

To, ga inda ake kuka.

Juno-106 yana da ciwon gado. Kowace murya tana da aisi (IC, ɗan ƙaramin sashen lantarki da ke kan allon ciki) mai lamba 80017A, shida ke nan, kowanne an lulluɓe shi da baƙin ƙaro. Da tsufa wannan ƙaro yake jawo matsala a cikin aisin, sai murya ta fara ƙarar tartsatsi, ko ta maƙale tana kuka bayan ka ɗaga yatsa, ko ta mutu ɗungurum. Kusan duk wanda ba a taɓa gyarawa ba yana kan hanyar wannan ciwo. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ya nunawa sai na'ura ta yi zafi. Mai sayarwa ya san haka. Zai kunna maka minti biyu, ya buga sauti mai Chorus da yatsa uku, ya kashe, ya ce ka ji da kunnenka.

Kada ka yarda. Ka sa a bar shi a kunne aƙalla minti 30 zuwa awa ɗaya. Ka kashe Chorus. Ka zaɓi sauti mai tsayawa muddin yatsa na kai. Ka danna madanni ɗaya ka riƙe, ka ƙara na biyu, har shida, kana saurara: kowane yatsa sai ya ƙaro sauti, da ƙarfi ɗaya da haske ɗaya. In na huɗu ya shiga shiru, murya ta mutu. In ɗaya ya fi sauran duhu, ko dai saiti ya goce ko aisi ya fara tafiya. Ka ɗaga hannu gaba ɗaya, ka ƙara ƙarar lasifika, ka saurari shirun. Duk wani siririn kuka da ya rage alama ce. In muryoyi biyu maƙwabta suka ɓace tare, a duba MC5534A, aisi uku ne da kowanne ke ciyar da murya biyu. Riƙe Key Transpose yayin kunnawa yana shigar da na'urar yanayin gwaji, inda mai gyara zai ga lambar muryar da ke da laifi a allo.

Gyara iri biyu ne. Ko a cire aisin shida a jiƙa su a sinadarin asiton na 'yan kwanaki har ƙaron ya saɓule, a mayar, ko a sa sababbi na kwaikwayo irin na Analogue Renaissance. Kowanne aka yi, sai an sake saita muryoyin duka. In mai kaya ya ce an gyara, ka ce a kwance murfi ka gani. Aisi mai baƙar riga na asali ne da ba a taɓa ba. In biyu aka canza aka bar huɗu, ka rage kuɗin huɗun daga farashi, don suna tafe. Kuma ka guji masu tallar 80017A "sabo a leda": Roland ta daina ƙera shi tuntuni, galibin abin da ke yawo daga matattun na'urori aka ɓalle shi. Haka MN3009, aisi biyu na Chorus. Jabunsu sun cika intanet, ana goge lambar wani aisin a buga tasu. 'Yar iska-iska a Chorus ɗabi'arsa ce, amma in gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙara ko yana fashewa, akwai gyara a gabanka.

Sai damfarar suna. Juno-D, Juno-Di, Juno-DS, Juno-G, duk Roland ce ta yi su, duk fiyano ne masu amfani, amma sunan kawai suka gada, cikinsu sautukan da aka naɗa ne. Dillali zai ce maka ai Juno Juno ne. Ba haka ba ne. A ɓangaren Yamaha ma, DX9, DX21, DX27 da DX100 injin sautinsu mai sassa 4 ne, na DX7 mai 6, ba sa karɓar fayilolinsa.

Ba a cinikin biri a sama. Hotunan da ake turowa a WhatsApp sau tari daga kasuwannin intanet na Reverb ko eBay aka kwaso su. Kafin ka tura ko kafin alƙalami, ka nemi bidiyo guda ba yanka: takarda mai sunanka da kwanan watan yau a kan madannai, lambar na'ura da ke baya, sannan gwajin yatsa shida. Wanda ya ce ba wuta, ko kayan na sito, ko wani na jira da kuɗi a hannu, ka bar masa kayansa. Tallan da aka rubuta "ba a gwada ba" ka karanta shi a matsayin "ya lalace", musamman a gwanjon Japan.

Kayan Japan ɗin nan suna da wani tarkon, kuma shi ya fi kashe na'urori a wajenmu. Ka karanta farantin da ke baya kafin filogi ya taɓa bango. Na Japan bolt 100 ne, na Amurka 117, wutarmu kuwa 220 zuwa 240. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙona taransifoma. Juno-106 bai shan wat 50, don haka sitef-dawun mai wat 100 ya wadatar, amma ka tabbata mai fitar da 100 ne in na Japan ne, ba 120 ba, sannan ka naɗe filogin a jikinsa da salatif don kada yaron situdiyo ya cire ya soka a soket. Ko farantin ya ce 220, in an taɓa buɗe na'urar, mai gyara ya duba taransifoman da idonsa, don sitika ba ta da wuyar mannawa. Kada ka ba shi wutar ƙaramin janareto kai tsaye, a bi ta sitabilaiza, a kuma kashe shi kafin a sauya layi.

In ka kunna ka ji sautukan ajiya sun zama shirme, ba mutuwa ba ce, batirin CR2032 ne da aka like da dalma ya ƙare. A sa masa gida mai cirewa, a mayar da sautukan kamfani ta ramin kaset da ke baya, da fayil ɗin sauti daga waya ko kwamfuta. Silaidu kuma ƙurar hunturu ce ajalinsu: a rufe shi da ƙyalle duk lokacin da ba a aiki, kuma kada a fesa musu WD-40, yana wanke maiƙon cikinsu ya bar su suna kartar kansu. Man silaida na musamman ake ɗigawa, ɗigo ɗaya a kowace, a tura ta sama da ƙasa kamar sau ashirin.