Sharhi a kan tsofaffin mazaunan kofin shayi na Kolchugino

Duk mai sha'awar fara tara tsofaffin kofunan gilashi masu mazaunin ƙarfe, shawarar da zan ba shi ita ce ya fara da podstakannik, wato mazaunin nan mai mariƙi da Rashawa suke ɗora kofin shayi a cikinsa, musamman waɗanda aka ƙera a garin Kolchugino a zamanin Tarayyar Sobiyet. Na sayi kaɗan daga cikinsu a hannun wani dillalin kayan da a intanet, na daɗe ina shan shayi da su safe da yamma, kuma abin da zan faɗa a nan ya fito ne daga wannan amfani na yau da kullum, domin a ganina kayan irin wannan ba a sanin darajarsu sai an zuba musu ruwan zafi an ɗauka da hannu.

Kolchugino yana cikin lardin Vladimir, arewa maso gabas da Mosko, kuma ya samu sunansa daga wani attajiri, Aleksandr Kolchugin, wanda ya kafa masana'antar sarrafa tagulla a wurin a shekarar 1871. Daga wannan gari ne mafi yawan mazaunan da aka yi amfani da su a jiragen ƙasan Sobiyet suka fito. A kowane tarago na doguwar tafiya akwai tukunyar ruwan zafi da ma'aikacin da yake raba wa fasinjoji shayi, kuma a hanya irin ta Mosko zuwa Vladivostok, mai tsawon kilomita 9,289 wadda take cin kusan mako guda, kofin gilashi tsirara ba zai zauna a kan tebur ba, ba kuma zai ɗauku ba idan shayin yana tururi. Wannan buƙata ce ta tsara sifar abin, kuma ita ce na fara lura da ita da na ɗauki na farko. Gindinsa yana da faɗi da nauyi, ta yadda ko an bugi teburin kofin ba ya kifewa, mariƙin kuma an janye shi nesa da jikin gilashin, saboda haka yatsu ba sa jin zafi ko da an zuba ruwan da ya tafasa yanzu.

Ta fuskar ado, a nan ne mai tarawa zai samu abin da zai riƙe shi shekaru. Mahukuntan Sobiyet sun mai da jikin mazaunin wurin tuna abubuwan da suke alfahari da su, don haka ana samun masu ɗauke da hoton Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko da aka harba ranar 4 ga Oktoba 1957, da masu tuna tafiyar Yuri Gagarin zuwa sararin samaniya ranar 12 ga Afrilu 1961, da masu hasumiyar Spasskaya ta fadar Kremlin, da na wasannin Olamfik da aka yi a Mosko a 1980. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne mai hoton roka tana barin duniya, saboda zanen ya fito sarai, har layukan da ke kan ƙwallon duniyar ana iya bin su da farce, kuma baƙin da aka sa a cikin ramukan zanen ya sa farin saman yana ƙara haske. Masu zanen inabi da ganye sun fi sauƙin samu, sun kuma fi araha, kuma su nake miƙa wa baƙi. Ba aikin hannu ba ne, inji ne ya buga su dubbai a kan dubbai, kuma ya kamata mai saye ya san haka tun farko don kada wani ya sayar masa da su a kan cewa babu irinsu.

Babban abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne batun ƙarfen, domin a nan ne kuɗin mutane suke salwanta. Yawancin waɗannan mazaunan ba azurfa ba ne. Wasu tagulla ce aka yi wa shafen nikel, wasu kuma gamin jan ƙarfe da nikel ne, wani lokaci da tutiya, aka yi musu ruwan azurfa a sama. Idan aka juya gindin aka ga haruffan Rashanci МНЦ, ana nufin jan ƙarfe da nikel da tutiya, kuma duk ƙyallin da abin yake yi bai sa ya zama azurfa ba. Azurfa ta gaskiya tana da hatiminta na hukuma. A zamanin sarakunan Rasha ana buga lamba 84, wadda take nufin kashi 84 cikin 96 na nauyin azurfa ce zalla, kuma daga 1899 ana haɗa lambar da kan wata mace mai sanye da adon kai na gargajiya, fuskarta tana kallon hagu har zuwa 1908, daga nan ta koma kallon dama. A 1927 aka koma lissafin dubu, sai 84 ta zama 875, kuma daga 1958 hatimin ya zama tauraro mai guduma da lauje a cikinsa. Dillalin da na saya a wurinsa ya rubuta a tallarsa cewa ɗaya daga cikin kayan azurfa ne, amma da na nemi hoton gindin sai ga МНЦ ɓaro-ɓaro, kuma da na nuna masa ya rage farashin ba tare da gardama ba. Wani abin da yake taimakawa shi ne kayan Sobiyet da yawa ana buga farashinsu da rubul da kofek a jikinsu tun daga masana'anta, kuma ganin wannan lamba a gindi alama ce mai kyau cewa abin na wancan zamanin ne.

Wanda yake da halin sayen azurfar gaske sai ya nemi aikin maƙeran Kubachi da ke Dagestan ko na Veliky Ustyug, waɗanda suka shahara da cika zanen azurfa da baƙin gami, amma wannan wani fage ne daban mai tsada, kuma ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da shi ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne wajen gilashin. Ƙarfe yana shekara sittin bai yi komai ba, gilashi kuwa faɗuwa ɗaya ta ishe shi, don haka da wuya a samu mazauni tare da kofin da aka sayar da shi tun asali, kuma dillalai suna cusa duk wanda ya shiga su ɗauki hoto. Ɗaya daga cikin kofunan da aka aiko mini ya yi wa mazauninsa kaɗan, yana rawa yana ƙara duk lokacin da na ɗaga shi, wani kuma ya iso da tsaga a baki saboda an bar shi a cikin ƙarfen aka naɗe su tare maimakon a raba su. Ƙananan kofunan shayin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba sa maye gurbinsu, domin nutsewa suke yi a ciki gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne siririn kofi miƙaƙƙe mai ɗaukar mililita 250, wanda bakinsa zai fito saman ƙarfen sosai don leɓe ya taɓa gilashi kawai. Kofin nan mai kusurwoyi da aka san Sobiyet da shi yana da ƙwari matuƙa, amma kaurinsa ya sa ba kowane mazauni yake shiga ba. Na samu kuma kofin kiristal mai yankan lu'ulu'u irin wanda aka san garin Gus-Khrustalny da shi, inda Akim Maltsov ya kafa masana'antar gilashi a 1756, kuma idan jan shayi ya cika shi haske ya ratsa yana da kyau ƙwarai. Sai dai irin wannan gilashi yana ɗauke da dalma, kuma ba ya jure sauyin zafi na farat ɗaya, saboda haka ina fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi, ba na kuma barin shayi mai lemun tsami ya jima a cikinsa. Don shan kullum na koma ga sabon gilashi mai jure zafi, tsofaffin kuma sai ranar da aka yi baƙi.

Kula da su ba ta da wahala, amma tana buƙatar a kafa doka a gida. Shafen da ke jikinsu siriri ne, kuma duk wanda ya kama shi da soson ƙarfe ko toka kamar yadda ake yi wa tukunya, zai kankare shi har launin tagullar ya bayyana, ya kuma goge baƙin da yake fito da zanen, wanda mutane da yawa suke ɗauka datti ne. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da tsumman auduga sun wadatar, a kuma busar da shi nan take. A lokacin damina danshi yana sa kore ya fito a wurin da mariƙi ya haɗu da jiki, kuma wannan mahaɗar ita ce wurin da ya fi rauni a tsofaffin, don haka kafin a biya kuɗi a nemi dillali ya aiko hotonta na kusa, tare da hoton gindin da awon faɗin cikin mazaunin da rula, a kuma sa masa sharaɗin ya naɗe gilashin daban da ƙarfen.