Doguwa ko mai faifai? Amsar tambayar rigar rawar bale

Ƙanwata, kin tambaya wace rigar rawar bale za ki saya wa 'yarki don wasan makaranta, doguwa ko gajeriyar nan mai tauri da ke buɗewa a kugu kamar faifai. Doguwar za ki saya. Tunda wasan makarantar na nuna shigar 'yan rawar bale na zamanin da ne, kuma an bar wa iyaye zaɓi, doguwar ce ta girmi mai faifan nesa ba kusa ba. Dukansu biyu sunansu ɗaya a bakin Faransawa, tutu, kuma na san irin dariyar da kike yi yanzu. Ni ranar da malamar 'yata ta fara faɗa mini sai da na kau da kai na danne.

Tawa shekararta huɗu a gidan nan. Fara ce sol, yadin raga mai laushi ninki huɗu, ta wuce gwiwa amma ba ta kai idon sawu ba. A wurin wata dattijuwar tela na same ta a nan Faris, ita ce ma ta zaunar da ni tana awo tana ba ni tarihi, allura a baki. A zamanin Sarki Louis na 14, wanda ya kafa makarantar rawa a 1661, da kayan fada ake rawar: riguna masu nauyi, takalmi mai dunduniya, gashin kanti, wani lokaci har da abin rufe fuska. Wajen 1730 da Marie Camargo ta rage tsawon siket ɗinta don a ga abin da ƙafarta ke yi, sai da aka yi ta cece-kuce, alhali idon sawu kawai ta buɗe. Irin wannan doguwar mai shara-shara kuwa a 1832 ta yi suna, lokacin da Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide a gidan Opera na Faris, mahaifinta Filippo ne ya tsara rawar. Aljanar iska ta fito, dole rigar ta zama abin da iska za ta iya ɗauka. Da Giselle ya biyo baya a 1841 da fatalwowinsa sanye da farare, shi ke nan ta zama rigar zamani.

Ban gane abin da dattijuwar ke nufi ba sai ranar wasa. 'Yata ta yi tsalle ta dire, siket ɗin bai sauko tare da ita ba, sai daga baya ya biyo ta a hankali kamar hayaƙi. Wallahi sai da na share ido. Na tura wa Hajiyarmu bidiyon can gida, ina jiran faɗa, abin da ta ce kawai shi ne wannan dai ta rufa mata jiki. Wanda ya san Hajiya ya san wannan lambar yabo ce. Sau biyu aka saki kugun, da hannu nake wanke ta, har yau ba ta yage ba.

Mai faifan, to, tana da ranarta. A Rasha ta yi ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Marius Petipa a birnin Saint Petersburg, don a ga ƙafar gwanaye irin su Pierina Legnani da ta yi juyi 32 a kan ƙafa ɗaya a Swan Lake na 1895. 'Yar shekara tara ba ta da juyi 32 da za ta nuna. Na taɓa sayen ɗaya a intanet, ta iso a naɗe, wayar cikinta ta lanƙwashe, yarinya ba ta iya zama a mota da ita, ragar kuma ta kakkarce mata cinya. Rigar tana can saman kwaba. Ta ainihi ninki goma ce ko fiye, a ɗinke da hannu, kuɗinta ba na wasan makaranta ba ne.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, ki kula da 'yan kasuwa. Duk wanda ya ce miki rigarsa tsohuwa ce ta asali daga Ballets Russes, ƙungiyar rawar nan ta Diaghilev, ɗan Rasha, da ta yi tashe daga 1909 zuwa 1929, ki riƙe kuɗinki. Ragowar kayansu tun wajen ƙarshen shekarun 1960 aka yi gwanjonsu a Landan, da yawa suna gidajen tarihi irin su Victoria and Albert. Sabon yadi ne ake tsomawa a ruwan shayi ya yi kalar tsufa. Wasu kuma hoton ninki biyar za su ɗora, su aiko miki da biyu. Ki ce a ɗaga siket ɗin a ɗauko miki hoton ciki, ki ƙirga da idonki, sannan ki tambaya ko an yi wa yadin maganin wuta.

Wannan ta ƙarshen da gaske nake. A Nuwamban 1862 siket ɗin Emma Livry, ɗalibar Taglioni, ya taɓa fitilar gas ana gwajin wasa a gidan Opera, wuta ta kama ta, ta yi wata takwas tana jinya ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20. Akwai maganin wutar a lokacin, ita ce ta ƙi a shafa wa rigarta don yana sa yadi ya sandare ya dushe. Yau babu fitilar gas a dandamali, amma mu muna da kasko. Don Allah kar a ɗora rigar nan a kan kabbasa da sunan turare, a fesa na ruwa daga nesa ya isa.

Ki auna kugunta da tsawo daga kugu zuwa tsakiyar ƙwauri ki turo mini. In ya zo daidai ma ba sai kin saya ba, ki aiko a karɓi tawa, amma ki dawo mini da ita.