Ajin falsafa na bayan Isha'i a garinmu, wata ɗaya na yi ina zuwa

Wani malamin sakandare ne a nan ƙauyenmu gefen Ringim ya buɗe aji daren Asabar da Lahadi, wai falsafa ga 'yan koyo, dubu ɗaya a wata, wanda gona ta gajiyar kuma ya tura masa bayanin ta WhatsApp. Ni abokina ne ya ja ni, da niyyar dariya ma na je.

Daren farko ko allo bai taɓa ba. Yaro ya sa ya kawo bokitin ruwa, ya tsoma karan dawa a karkace ya haska tocila, kara ya karye a idonmu, ya zaro shi garau. Ya ce to idon da ya yi maka ƙarya yau, da wane dalili za ka rantse da shi gobe? Daga nan ya shigo da Dekart, Bafaranshen nan da aka haifa a 1596, wanda ya ce bari ya zubar da duk abin da shakka za ta iya shiga ya ga me zai rage, ido na yaudara, mafarki na kama da ido biyu, har ya ƙaddara ko wani mugun aljani ne ke wasa da hankalinsa, amma abu ɗaya ya ƙi zubuwa: mai shakkar nan ai tunani yake, mai tunani kuwa dole akwai shi. Wlh ranar na daɗe ina juyi kan tabarma.

Wani dattijo ya ce, Malam wannan ba hanyar ɓata ba ce kuwa? Ya ce Baba, Imamu Gazali da ya rasu a 1111 ya riga shi tuhumar abin da ido ke gani, shi Dekart ɗin ma ai hujjar samuwar Ubangiji ya koma kafawa. Baba ya gyara zama, har yau bai fasa zuwa ba.

Mako na biyu kakin zuma ya ɗora kan murhun mai shayi, ya narke, ƙamshi ya canza, siffa ta tafi, amma kowa ya yarda kakin nan ne dai. Ya ce wa ya gaya muku, hanci ko hankali?

Inda nake da ƙorafi, Lok da Hiyum, wasu masana falsafa biyu 'yan Birtaniya, a dare ɗaya ya haɗa su kamar ana korarsa. Lok ya ce zuciyar jariri farar takarda ce sai abin da rayuwa ta rubuta, Hiyum ya ce sabo ne kawai ya sa muke sa ran fitowar rana gobe. Na ɗaga hannu zan tambaya ko haka hadarin gabas da ruwa suke, ya ce lokaci ya ƙare. Haba Malam! Sannan saƙon muryarsa minti ashirin-ashirin ne, data kam tana jin jiki, ga Turanci na kuɓuce masa in ya yi zafi.

Na dai biya na watan gobe. Mai zuwa ya taho da tabarmarsa da maganin sauro, benci biyu ne kacal.