Kontak ko Na'urar Lantarki: Wanne Ya Fi Dacewa da Tsohuwar Fijo 504?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan Fijo 504 ɗinsa mai kabureta, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975. Ya ce ya gaji da gyaran kontak, shin ya cire ya sa na lantarki ko ya bar ta yadda ta zo?

Malam, a taƙaice canjin yana da amfani, amma ba ƙarfin inji zai ƙara maka ba. Abin da za ka samu shi ne taimin da ba ya gocewa, wato lokacin da wuta ke isa filogi.

Dukansu biyu aiki ɗaya suke yi. Suna ba koyil wuta, su yanke ta a daidai lokaci, sai koyil ya harba wuta mai ƙarfi zuwa filogi. Kontak yana yankewa ne da bakin ƙarfe biyu da ƙusoshin sandar distiributa ke buɗewa. Wutar da ke ratsa bakin ta kai amfiya 3 zuwa 4, kuma a inji mai silinda 4 yana buɗewa sau biyu a kowane juyi, wato sau 6,000 a minti idan inji na juyi 3,000. Kondensa ce ke rage tartsatsin, amma duk da haka bakin yana ƙonewa. Ga kuma ɗan robar da ke gogar sandar, kullum cinyewa yake. Yana cinyewa ratar tana raguwa daga 0.40 mm da aka saita, kontak ya riƙa buɗewa a makare, taimin ya ja baya. Nan ne mota ke fara nauyin tashi da safe, ta ƙara shan mai, ta riƙa zafi a hawa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da girisin sandar kuwa, kamar an sa takardar yashi ce. Shi ya sa ake duba rata da taimin kusan kowane kilomita 5,000 zuwa 10,000.

Na lantarki ba ya gogar komai. Nau'in da ya fi yawa, irin Pertronix Ignitor da Accuspark, zobe ne mai maganaɗisu 4 da ake zurawa a kan sandar, sai ɗan akwati a mazaunin kontak yana jin wucewarsu, tiransista na yanke wutar. Akwai mai aiki da haske irin Lumenition, amma a ƙasa mai ƙura na maganaɗisu ya fi kwanciyar hankali, domin babu idon da datti zai toshe. Ka saita taimin sau ɗaya, ya zauna. Silo yana daidaita, wuta ba ta yankewa idan an taka sosai.

Inda kontak ya yi zarra shi ne ranar lalacewa. Shi sai ya yi ta ba ka alama kafin ya kwanta, kuma da sukurdireba da ɗan fayil za ka lallaɓa shi a bakin hanya. Duk bakaniken ƙauye ya san shi. Na lantarki kuwa lafiya lau yanzu, anjima shiru, kuma ba a buɗe shi a gyara. Haka nan batir mai rauni: kontak zai ba da wuta ko da turawa aka yi, na lantarki yana iya ƙin harbawa idan kik ya janye wutar ta faɗi ƙasa sosai.

Abin da ke kashe na lantarki galibi ba rashin ingancinsa ba ne, koyil ne da ba nasa ba. Kafin ka sayi komai, cire wayoyin koyil ka auna tsakanin ƙananan bakunansa biyu da mita. Pertronix Ignitor na silinda 4 yana neman ohm 3 ko sama. Koyil mai ohm 1.5 an yi shi ne don ya yi aiki da balas resista, mai rage wutar da ke shiga koyil, su biyun su haɗu su ba da kusan 3. Idan wani ya taɓa cire balas ɗin, ko aka sa koyil ɗin mota ta zamani mai ƙasa da ohm 1, wuta za ta yi yawa akwatin ya ƙone, wani lokaci cikin mintoci. Idan motar tana da balas, bar shi yana ciyar da koyil, amma jar wayar akwatin ta ɗauki cikakken volt 12 daga gaban balas ɗin, wato ɓangaren makulli.

Sauran masu kashe shi ɗabi'u ne da aka saba da su a gareji. Barin makulli a kunne inji a kashe, misali don jin rediyo, yana dafa koyil da akwatin Ignitor na farko. Ignitor II ne aka yi wa kariyar wannan, shi kuma ba ya son wayoyin filogi masu zallar tagulla a ciki. Cire kan batir inji na aiki don a gwada ko altaneta na caji yana harba wutar da ke kashe tiransista. Walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko tayar da ita da batirin babbar mota mai volt 24, duk hanya ɗaya ce. Auna caji tukuna: volt 13.8 zuwa 14.5 daidai ne, idan yana haura 15 gyara regileta kafin komai.

Ɗaurawar ba ta da wuya. Duba suna da lambar da ke jikin distiributar, domin 504 ta zo da iri fiye da ɗaya, har da Ducellier da Paris-Rhône, kuma kayan wannan ba sa hawa wancan. Cire negatif ɗin batir, buɗe murfi, zare rota, kwance kontak da kondensa. Kada ka cire 'yar wayar da ke haɗa farantin da kontak ke zaune a kai da jikin distiributa, ta nan akwatin ke samun komawar wuta. Ɗaura akwatin, danna zoben har ya zauna ƙasa, kuma idan kayan sun zo da ma'aunin roba ka saita rata da shi, yawanci kusan 0.75 mm. Bar wa wayoyin ɗan sako-sako a ciki don faranti ya juya idan iskar kabureta ta ja shi, amma kada su taɓa zoben. Ja zuwa fositif ɗin koyil (ko gaban balas idan motar tana da shi), baƙa zuwa negatif. Juya su sau ɗaya ya isa ya kashe shi. Daga nan dole a sake taimin da fitilar taimin inji na aiki, saboda wurin harbin yakan goce da digiri da yawa daga na kontak. Saitawa da jin ƙarar inji a nan ganganci ne.

Abin da mutane ke mantawa: akwatin ya maye gurbin kontak ne kawai. Ƙarafan da ke tura taimin gaba da sifirin ɗinsu, da robar iskar kabureta, suna nan yadda suke. Kama rota ka murɗa ta ɓangaren da take juyawa, ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta. Tsotsi bututun iskar ka ga ko faranti ya motsa ya tsaya. Girgiza sandar gefe da gefe. Ɗan wasa kaɗan na lantarki yana jure shi fiye da kontak, amma idan tana kaɗawa zoben zai daki akwatin. Distiributar da ta gaji haka gara a canza ta gaba ɗaya, ko da irin 123ignition ta ƙasar Holan wadda ta sarrafa tura taimin da lantarki, sai dai tana da tsada sosai.

Ga motar da ake hawa kullum, cajinta lafiya, koyil ya dace, na lantarki ya fi. Ga wadda ake fitowa da ita sau ɗaya a wata, ko wayoyinta sun sha ɗauri, sabon kontak da kondensa mai kyau da ɗigon girisi a sanda sun wadatar. Idan ka canza, sa alama a jikin distiributa inda taimin kontak yake kafin ka taɓa komai, ka kuma ajiye tsohon kontak, kondensa, sukurorinsu da wayarsu a leda cikin but. Mayar da su aikin kusan minti 20 ne.