Sharhi: Wuni guda a Gidan Tarihin Manitoba da ke Winnipeg

A hunturun da ya wuce na je Kanada ganin ƙanwata da ke karatu a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba, kuma da yake sanyin garin ba ya barin baƙo ya yi yawo a waje, sai ta ba da shawara mu shiga Gidan Tarihin Manitoba, wanda ke tsakiyar gari daura da titin Main. An buɗe shi a 1970, shekarar da lardin ya cika shekara ɗari da kafuwa. Na shiga da niyyar yin awa ɗaya, domin a raina na raina tarihin garin da sai a 1873 ya zama birni, amma sai da na yi kusan awa huɗu, ƙafafuwana suka gaji tun idona bai ƙoshi ba.

Abin da mutum zai fara cin karo da shi shi ne siffar farautar ɓauna, wadda aka yi da girmanta na zahiri: mahayi bisa doki ya taso ɓaunaye a guje cikin shimfiɗaɗɗen filin ciyawa. Mahayin daga al'ummar Métis yake, wato jikokin auratayya tsakanin 'yan asalin ƙasar da fataken Turawa, musamman Faransawa. Da farko na ɗauka ado ne kawai aka sa a bakin ƙofa, sai daga baya na gane cewa tushen labarin ke nan. Naman ɓaunar ake shanyawa, a daka shi, a cuɗa da narkakken kitse, wani lokaci har da 'ya'yan itace, a ɗura a buhun fata. Suna kiransa pemmican, kuma duk wanda ya san amfanin kilishi ga matafiyi ba ya buƙatar dogon bayani. Shi ne guzurin masu tuƙa kwale-kwalen da ke jigilar fatu, saboda haka cinikin fatun gaba ɗaya a kan bayan ɓauna ya tsaya. Kafin ƙarshen shekarun 1880 an kusa ƙarar da dabbar daga filayen.

Kusan kowane maziyarci jirgin Nonsuch yake nema, kuma ba laifinsa ba ne. Kwafi ne na ƙaramin jirgin ruwan da ya taso daga Ingila a 1668, ya yi hunturu a gaɓar James Bay, wani mashigin teku a Kanada, ya koma a 1669 maƙare da fatun wata dabbar ruwa mai laushin gashi da Turawa ke yin huluna da shi. Ribar wannan tafiya ce ta sa sarkin Ingila ya ba kamfanin Hudson's Bay takardar izini a 1670. An ƙera kwafin a Ingila a 1968, ya yi tafiya a kan ruwa da gaske, sannan aka kawo shi Winnipeg aka gina zaure a kewaye da shi. Ana barin mutum ya hau, kuma da na tsaya a kansa na dubi ƙanƙantarsa, tsawonsa bai fi mita 16 ba, sai jikina ya yi sanyi da tunanin mutanen da suka ratsa teku a ciki. Kamfanin ya riƙe makekiyar ƙasar da takardar ta ba shi, har da inda Winnipeg take a yau, shekara ɗari biyu kafin ya miƙa ta a 1870 a kan fam 300,000, ba tare da an tambayi mazaunanta ba. Ɗan Nijeriya ba zai rasa tuna kamfanin Royal Niger ba, wanda shi ma ya miƙa wa gwamnatin Ingila yankunan da yake iko da su a 1900. A Kanada, rashin shawara da mazauna ƙasar ne ya sa Métis suka tashi a ƙarƙashin Louis Riel, suka kafa gwamnatin wucin gadi, har aka samar da lardin Manitoba. Shi kuwa Riel an rataye shi a 1885.

Duk da haka, a ganina, ba jirgin ne ya fi bayyana garin ba. Amalanken Red River ya fi shi, ko da yake mutane na wuce shi ba su tsaya ba. Ƙafa biyu gare shi, da itace zalla aka yi shi, ana ɗaure shi da ɗanyar fata, babu ƙusa ko ɗaya, domin idan ya karye a daji a gyara shi da abin da ke kusa. Ba a shafa wa gindin ƙafafun mai, saboda ƙura za ta manne ta cinye itacen, shi ya sa ake jin kukan ayarinsu tun daga nesa. A nan na fahimci cewa Winnipeg zango ne tun asali. Tana mahaɗar kogin Red da kogin Assiniboine, inda 'yan asalin ƙasar suka shafe kimanin shekara 6,000 suna haɗuwa don ciniki, kuma sunan garin ma daga harshen Cree yake, ma'anarsa ruwa mai laka. Kwale-kwale ya ba amalanke hanya, amalanke ya ba jirgin ƙasa, wanda ya iso a farkon shekarun 1880, alkamar yammacin Kanada ta riƙa bi ta garin zuwa gabas. Zuwa 1911 mazauna sun haura 136,000, birnin ya zama na uku a ƙasar bayan Montreal da Toronto. Da aka buɗe mashigin ruwa na Panama a 1914, kaya suka sami wata hanyar, kasuwar garin ta fara ja da baya, kamar yadda yakan faru da kowane zango idan fatake suka sauya hanya.

Sashen da na fi daɗewa a ciki shi ne wanda aka sake gina unguwar birnin kamar yadda take a 1920. Mutum na taka daɓen katako yana jin ƙarar takalminsa, yana leƙa kantin magani da kwalabensa jere a kan kanta, yana wuce ƙananan ɗakunan haya na baƙin da suka zo neman arziki daga gabashin Turai. Akwai ƙaramin gidan silima da ake nuna finafinan da ba su da magana, inda muka zauna muka huta. Ƙanwata ta dubi ɗaya daga cikin ɗakunan, gado ɗaya da akwati ɗaya, ta ce, “Yaya, ai wannan bai fi ɗakin da na fara kamawa ba.” Dariya muka yi, amma maganarta ta sa na ƙara duban wurin da kyau, domin ƙuncin waɗannan ɗakuna ne ke bayyana abin da ya faru shekara guda kafin nan. A ranar 15 ga Mayu, 1919, ma'aikata sama da 30,000 suka ajiye aiki saboda tsadar rayuwa, ƙarancin albashi da neman a amince da ƙungiyoyinsu, birnin ya tsaya cik har mako shida.

Wanda zai je, ina ba shi shawara ya ware rabin wuni, ya sa takalmi mai daɗin tafiya, kuma kada ya yi irin kuskurena na ɓata ƙarfinsa a sassan farko, domin na isa ɓangaren da ke bayani kan yarjejeniyar 1871 tsakanin gwamnati da al'ummomin Anishinaabe da Cree, 'yan asalin ƙasar, a gajiye, ban karanta shi yadda ya kamata ba. Akwai kuma zauren kallon taurari da na kimiyya a harabar, waɗanda ban shiga ba.

Da muka fito da yamma, mun taka kaɗan a kan titin Main sai ƙanwata ta nuna mini wani mutum-mutumin motar lantarki mai bin dogo, an girke ta a karkace kamar za ta kife. An kafa ta a 2019 don tunawa da ranar 21 ga Yuni, 1919, lokacin da masu zanga-zanga suka jirkita irin wannan mota a wannan titi, 'yan sanda bisa dawakai suka afka musu, mutum biyu suka rasa rayukansu. Mun tsaya a gabanta na 'yan mintoci har sanyi ya kore mu zuwa tashar bas.