Ted Williams ko Joe DiMaggio: wa ya fi a kakar 1941?

Har yau masoya besbol a Amurka ba su gama musu kan kakar 1941 ba. Joe DiMaggio na New York Yankees ya jera wasanni 56, daga 15 ga Mayu zuwa 16 ga Yuli, a kowanne sai ya yi bugun da ya kai shi zangon farko lafiya. 'Yan jarida suka naɗa shi gwarzon shekara, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta fitar da zakaran besbol na shekara.

Ni dai Ted Williams na Boston Red Sox zan zaɓa. Jerin DiMaggio na wata biyu ne, kuma da hannun sa'a a ciki. Williams kuwa ya kammala kakar da .406, wato cikin kowace tsayuwa goma da ya yi don bugu yana dacewa da irin wancan bugun sau huɗu har da ɗoriya, alhali DiMaggio a .357 ya tsaya. Ƙwallon da ya tsallakar bayan katanga 37 ne, na DiMaggio 30.

Ranar ƙarshe ta kakar a Philadelphia, alƙaluman Williams na dab da .400, da ya zauna a benci da an cike masa su zuwa .400 a lissafi. Ya ƙi. Ya buga wasanni biyu a ranar, ya dace sau 6 cikin 8.