Senna ko Prost: wa ya fi a kakar 1988?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi Ayrton Senna ya ci kambun tseren motoci na Formula 1 na 1988 alhali Alain Prost ya fi shi tara maki, kuma wane ne gwani a tsakaninsu a waccan shekara. Tambayar ta yi mini daɗi, domin wannan kaka tana cikin waɗanda na fi komawa ina kallon tsofaffin bidiyonta.

Abin da ya sa kwatancin yake da armashi shi ne mota iri ɗaya suka tuƙa, McLaren MP4/4 mai injin Honda. Cikin tsere 16 motar ta ci 15, Senna 8, Prost 7. Guda ɗayan da ya kuɓuce musu shi ne na Monza a Italiya, inda Gerhard Berger ya ci wa Ferrari, ƙasa da wata guda bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin. Ka ga ke nan babu mai cewa mota ce ta bambanta su.

Ga yadda lissafin yake. A lokacin na ɗaya yana samun maki 9, na biyu 6, amma sakamako 11 mafi kyau kaɗai ake ƙirga wa direba. Prost ya zo na ɗaya sau 7, na biyu sau 7, jimilla 105. Da aka ƙirga sakamako 11 mafi kyau kaɗai sai ya koma 87, wato maki 18 na guminsa suka tafi a banza. Senna ya tara 94, aka zubar masa da 4 kacal, ya tsira da 90.

Wajen zafin gudu, Senna ba shi da na biyu. Sau 13 ya kama gurbin farko a gwajin tashi, wato gwajin gudu da ake yi kafin ranar tsere don sanin wanda zai tashi a gaba, Prost sau 2. A Monako, kan titin nan mai ƙunci da katanga hagu da dama, ya ba Prost ratar kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a zagaye guda. Ka tuna Prost ba ƙaramin direba ba ne, ya riga ya ci kambu a 1985 da 1986. Sai dai a Monakon ne raunin Senna ya fito fili. Ranar tsere yana gaba da kusan daƙiƙa 50, saura zagaye goma sha wani abu a gama, hankalinsa ya ɗan gushe, ya maka motar a shingen kwanar Portier. Ya fito, bai ko koma wurin injiniyoyinsa ba, ya taka da ƙafa zuwa gidansa da ke kusa. Prost ya wuce ya ɗauki maki 9.

Shi kuwa Prost, wanda ake wa laƙabi da Farfesa, tuƙinsa na lissafi ne: ya tattala taya, ya tattala mai, ba ya neman abin da motar ba za ta ba shi ba. Duk tseren da ya kammala a shekarar bai taɓa sauka ƙasa da na biyu ba, kuma ni a ganina ba a yaba wannan yadda ya kamata. Inda ya gaza shi ne ruwan sama. A Silverstone ta Ingila ya ajiye motar da kansa ana tsaka da ruwa, Senna ya ci. Amma kada ka ɗauka matsoraci ne. A Estoril ta Fotugal Senna ya matse shi har jikin katangar da ma'aikata ke tsaye, suna cikin mahaukacin gudu, Prost bai ɗaga ƙafa ba, ya wuce ya ci tseren. Daga ranar ne zumuncinsu ya fara tsami.

A Suzuka ta Japan aka yi ta ta ƙare. Senna yana gurbin farko, ana ba da hannu injinsa ya mutu. Allah ya taimake shi wurin gangara ne, motar ta gangara har ta sake kamawa, amma ya koma na 14. Ya dinga tsinke motoci ɗaya bayan ɗaya, yayyafi ya sauko, giyar Prost tana ba shi matsala, kafin zagaye na 30 Senna ya sha gabansa. Da wannan nasara ta 8 ya zama zakara tun kafin tseren ƙarshe.

Don haka ban yarda da masu cewa an yi wa Prost ƙwace ba. Dokar sakamako 11 tana nan tun kafin a tayar da mota a tseren farko a Birazil, dukansu sun san cewa zuwa na biyu sau da yawa ba zai wadatar ba, sai an ci. Senna ya ci sau ɗaya fiye da shi, kuma ya ci a ranar da ake bukata, daga baya can. Ni Senna na ba 1988. Prost ya karɓe kambun a 1989, suna cikin mota iri ɗaya, bayan sun yi karo a Suzukar nan dai.